Abin da Ya Sa Na Cire Aikin Lawali

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Lawali waɗanda ban taɓa bambanta ku da nawa ba, wannan babin naku ne. Ranar wani suna a gidan Habsu, matar marigayi Lawali, ina bayan labule ina tsince shinkafa na ji da kunnena wata a cikinku tana gaya wa baƙuwa wai Gwaggo Barira ce ta rufe shafin gari, ta goge aikin Baba don a ce ita ma ta iya. Ban ɗaga labulen ba. Na san muryar, ba zan kuma kama suna ba, mai ita ta san kanta. Ba ƙarya kuka yi ba, na rufe shafin, na kuma cire abin da babanku ya haɗa da hannunsa. Dalilin ne ba ku sani ba, domin kuna yara a lokacin, ni kuwa ba macen da ke bin gida-gida tana wanke kanta ba ce. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ido da yatsu suka rage, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Ni mai buga takardu ce. A nan Matameye na ƙare ƙuruciyata a biro, wato ofis, gaban mashin mai ƙarar da ake ji tun daga bakin titi. A zamaninmu in ana son takarda da yawa sai a yanka ta a kan sitansil, kuma harafi ɗaya in ya karkace, haka zai fito a karkace a kowane kwafi har a kai wa masu gari. Saboda haka ban taɓa ɗora yatsa a kan sitansil ba sai na fara bugawa a farar takarda na karanta. Abokan aikina suna ce mini Barira sarkin nawa, ni kuma ina kallonsu suna sake aiki sau biyu. Da ordinata, wato kwamfuta, ta shigo biro, maza masu gemu suka riƙa zagaye ta kamar za ta cije su. Ni ban ji tsoro ba, don ina da Lawali.

Lawali autanmu ne, a bayana ya girma. Tun yana ƙarami ya kwance rediyon Baba ya sha duka, ya sake kwance ta washegari ya mayar tana magana. Da ya girma ya je Damagaram da Yamai ya koyo aikin ordinata, ya dawo gida ya buɗe ɗan shago kusa da tasha. Shi ya gina wa ƙungiyar 'yan garinmu mazauna waje shafi a intanet, inda na Kano da Legas da Kwatano da Makka da Faransa suke leƙowa su ga wa aka haifa, wa ya yi aure, wa ya riga mu gidan gaskiya, ruwa ya sauka a Kurni ko bai sauka ba, yaya rake ya yi a fadama. Da na ajiye aiki sai ya ce zaman banza ba zai karɓe ni ba, ya ɗora ni a kan rubuta sanarwa. Na tambaye shi wa ya ƙera wannan abu duka, sai ya yi dariya.

"Yaya, ba ni na yi ginin ba," in ji shi. "Tsarin da ke riƙe da shafin wasu mutane ne can a duniya suka gina, suka bayar kyauta, kowa ya ɗauka ya zauna a ciki. Ni ƙare-ƙare na yi masa. Nan na kafa rumfa, can na sa famfo. Su ake kira modil. Wannan na hotuna ne, wannan na tura saƙo a waya, duk na mutane ne na ɗauko. Ɗaya ne kawai nawa na kaina."

Wannan ɗayan shi ya sa wa suna Dattijo, kuma sai kun san aikinsa za ku gane sauran labarin. Kun san mu ba a jefa wa mutum mutuwar nasa kamar an jefa masa dutse. Wanda ke nesa, a kira shi a ce jikin ya matsa, ya zo gida. Ko a nemi babba a garin da yake, ya je ya zaunar da shi, ya faɗa masa baki da baki. To shi tsarin da Turawa suka gina bai san wannan ba, abin da ka rubuta yanzu, yanzu zai tura wa kowa. Lawali ya zauna ya haɗa modil ɗin da zai riƙe sanarwar rasuwa. In na rubuta ta, Dattijo ya kama ta ya ajiye, ba ta fita a shafi, ba ta shiga wayar kowa, sai ranar da babban gidan mamacin ya zo ya ce mini an sanar da duk makusanta, sannan in sake ta. A hankali abin ya zama ƙa'ida ga 'yan garinmu na waje. Ko mutum ya ji ƙishin-ƙishin, ba ya kiran kowa ya yi ta'aziyya sai saƙon shafi ya shigo wayarsa. Saƙon nan shi ne izini. Har yau ina jinjina abin a raina, yaron da na goya ya koya wa ƙarfe kunya.

Lawali ya rasu bayan gajeriyar jinya, kun sani, ba zan tayar muku da wannan ba. Shafin ya dawo hannuna da tsohuwar ordinatarsa da ke ɗakin baya, wadda yake kira gonar gwaji. A cikinta ya koya mini zuba kwafin shafin gaba ɗaya, in lalata shi yadda nake so ba tare da na ainihin ya ji komai ba. Abu ɗaya ne bai kai ga koya mini ba. A saman allon akwai wani jan rubutu da ke cewa an fitar da sabon tsari, a danna nan a sabunta. Yakan ce, "Yaya, wannan kada ki taɓa sai ina kusa." Ya tafi bai kasance kusa ba, ni kuma na bar jan rubutun nan yana kallona ina kallonsa shekara da shekaru.

A daminar shekarar da nake ba ku labari, Inna Dije ta Dawce ta rasu. Da rana ta faɗi a gona, kafin a kawo ta gidan likita rai ya yi halinsa. 'Yarta ɗaya tilo, Tsahara, tana aure a Kwatano, mijinta yana harkar motoci. Tana da ciki ya fara tsufa, kuma kafin shi ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, ga hawan jini. Likitocin can sun gaya wa mijin ko faɗuwar kwano kada ta firgita ta. Bayan an dawo daga maƙabarta na rubuta sanarwa kamar kullum na miƙa wa Dattijo. Washegari da hantsi kawun Tsahara ya zo har gida, ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a bakin tabarmata.

"Hajiya, amana na kawo miki," ya ce. "Yarinyar nan kada ta ji sai ta sauka lafiya. Mun yi magana da mijin, ya ce zai san abin da zai riƙa gaya mata. Mu nan mun kama bakinmu. Saura naki na'urar."

"Na'urata ta fi ku riƙe baki," na ce masa. "Je ka, Allah Ya raba lafiya."

Da na san abin da ke tafe da ban cika baki haka ba. Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga wani ɗanmu daga Legas ya kira ni yana haki, wai in buɗe shafi in gani. Na buɗe. A ƙarƙashin hoton wani malaminmu da ya rasu bara, inda mutane suka rubuta addu'o'i, an liƙa tallar caca da hotunan 'yan mata da ba zan bayyana muku shigarsu ba. Na goge, da la'asar suka dawo. Sai kamfanin da ke ajiye mana shafin ya aiko cewa tsarinmu ya tsufa, akwai ɓaraka a jikinsa wadda duk ɓarayin intanet sun sani, masu ginin sun daɗe da toshe ta a sabon tsari, mu ne muka ƙi sabuntawa. Ko mu gyara ko su kashe shafin, don kada mu shafa wa maƙwabta.

Alhaji Ma'azu, shugaban ƙungiya, ya zo da kansa. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma in ya so abu yana son sa jiya. Malam Sani, mahaifinku ku nawa, yana zaune a gindin darbejiya yana gyaran carbi, ya yi kamar ba ya ji.

"Hajiya, ashe maganin ma yana gabanki," in ji Alhaji. "An ce mizajur kawai za a yi, a sabunta tsarin. Ga shi nan da ja. Ko ni da ban yi lakwal ba, ban san boko ba, na ga wurin dannawa. Danna mu huta da wannan abin kunya."

"Ba zan danna ba, Alhaji."

"Don me?"

"Don ban san abin da zai biyo baya ba. Ka ba ni lokaci in gwada a gefe."

"Gida na cin wuta ke kina gwajin guga!"

Malam Sani ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, shekara nawa ina auren matar nan, ko gishiri ba ta zubawa a miya sai ta ɗanɗana. Ka bar ta." Wannan ita ce kaɗai gudummawar da ya bayar a duk rikicin, kuma ta ishe ni.

Abin da na fara yi shi ne na rufe shafin. Akwai wurin da ake dannawa ya sa duk wanda ya leƙo ya ga rubutu ɗaya, ana gyara, a yi haƙuri. Hakan ya tsayar da masu caca, ya kuma tsayar da komai, ba shiga ba fita. Sannan na kwashe shafin gaba ɗaya, rubutu da hotuna da rumbun da ke riƙe sunaye, na zuba a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinata, wanda bai kai ɗan yatsana ba. Na daɗe ina juya shi a tafin hannuna. Duk haihuwar da aka yi a garin nan tun da aka buɗe shafi, duk aure, duk gawar da aka ɗauka, har da sanarwar Lawali da na buga ina kuka, suna cikin abin da zan iya ɗaurewa a bakin zane. Na yi kwafi na biyu na ba Malam ya sa a akwatin littattafansa. Lawali ya sha gaya mini kwafin da ba a gwada buɗewa ba, ba kwafi ba ne, don haka na zuba shi a gonar gwaji, na ga shafin ya tashi cif kamar tagwayensa. Kafin in taɓa komai na zare wayar intanet daga jikin ordinatar na ajiye ta a wani ɗaki. Ban san ko kwafi yana iya tura saƙo ba, amma na ce wanda ya yi kama da mutum har haka zai iya yin muryarsa.

Sai na yi bisimilla na danna jan rubutun, a kwafi. Allo ya yi ta rubuce-rubuce, ya tsaya, ya ce an gama. Shafi ya fito fes, ya fi da kyau. Har na fara jin haushin kaina da na ɓata wa Alhaji rai a banza. Sai na leƙa wurin modil-modil na ga sabon tsarin ya kashe waɗanda bai san su ba, Dattijo na cikinsu. Na koma shafin farko. Sanarwar Inna Dije ce a sama, da manyan haruffa. Na buɗe wurin saƙonnin waya, na ga layi ya jeru, kowane yana cewa an yi ƙoƙarin turawa ba hanya. Sunan Tsahara yana ciki. Wayar da na zare na kai wani ɗaki, ita kaɗai ce ta tsaya tsakanin yarinyar nan da labarin uwarta. Da a shafin gaskiya na danna, kafin in sauke hannu saƙo ya isa Kwatano, kuma ko da mijin ya ɓoye wayarta, matan garinmu na can za su cika mata ɗaki da salati kafin azahar. Magana zarar bunu ce.

Na aika aka kira Alhaji Ma'azu. Ya ji bayani ya ce abu mai sauƙi, a goge sanarwar tukuna sannan a sabunta. Ni ma na yi wannan tunanin. A gabansa na share gonar, na sake zuba kwafi, na goge sanarwar Inna Dije, na danna. Sanarwa ba ta fito a shafi ba, amma saƙon waya ya sake jeruwa, ga sunan Tsahara. Ashe tun ranar da na rubuta, saƙon ya riga ya shiga layi a wani lungu na rumbun da ba a gani daga allo, Dattijo ne ya tare ƙofa yana hana shi fita. Ba shi kaɗai ba ma. A bayansa akwai wasu tsofaffin saƙonni na rasuwar da iyalai suka ce a bari har abada, kamar ta wani yaro da ya mutu a hanyar hamada, tsohuwarsa tana raye tana jiran dawowarsa. Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon allon.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Da yatsana na so in danna wannan. Hajiya, ko shekara za ki yi, yi."

Shi ya gane don ya gani. Na waje ba su gani ba, kuma ba damar a gaya musu, domin duk wanda aka yi wa bayani a Legas, kafin magariba Kwatano ta ji. Nan na sha magana. An ce tsohuwa ta lalata abin da ba ta iya ba. An ce tun da mai shi ya mutu ya kamata a ba wani yaro mai ilimi. An yi aure biyu a gari ba sanarwa, uwar ango ɗaya ta daina amsa gaisuwata a kasuwa. Wani ya kira ni daga Faransa ya yi mini faransanci mai tsawo, na bar shi ya gama na gyara masa kuskure biyu na kashe wayata. Raina ya ɓaci ƙwarai a watannin nan, ba zan ɓoye muku ba. Da rana nake aiki, in an kawo kuran, wato wutar lantarki, in an ɗauke in koma tsinkar zogale ina tunani.

Ban san yadda ake shiga wannan lungu na rumbu ba. A cikin abubuwan da Lawali ya nuna mini akwai wani dandali a intanet inda masu amfani da irin tsarinmu suke taimakon juna. Na zauna na rubuta matsalata da faransancin biro, da gaisuwa a sama da girmamawa a ƙasa kamar ina rubuta wa gwamna. Washegari na tarar da amsa. Har yau ban sani ba ko mace ce ko namiji, ba suna sai hoton kyanwa, abin da na gane kawai shi ne a ƙasarsu ƙanƙara ke zuba lokacin da mu muke fama da zufa. Ya tambaye ni me ya sa za a ɓoye wa mutum rasuwar mahaifiyarsa. Na yi masa bayani yadda na iya. Na zaci zai ce mu mutanen duhu ne. Sai ya rubuto cewa shi a allon waya ya ga mutuwar mahaifinsa, yana tsaye a cikin jirgin ƙasa tsakanin baƙi, kuma da garinsu yana da irin wannan modil da ya gode. Daga nan ya riƙe hannuna. Bai taɓa tambayata ko sisi ba, bai taɓa gajiya da tambayata ba, ni da ba zai taɓa gani ba, saboda wata mai ciki da bai san sunanta ba. Na yi sallah na yi masa addu'a ban san da wane suna zan kira shi ba, na ce Allah Ka san mai kyanwa.

Shi ya koya mini kada in sabunta komai a dunƙule. A bi modil ɗaya-ɗaya, a duba ko masu shi sun fitar da wanda ya dace da sabon tsari, a sabunta shi, a zagaya shafin a ga ba abin da ya karye, sannan a taɓa na gaba, don in abu ya lalace a san wanda ya yi. Wanda masu shi suka yi watsi da shi, a nemi madadinsa. Ya nuna mini lungun da saƙonni ke layi da yadda ake kwashe su. Na yi a gona, na rushe, na sake, har hannuna ya haddace. Sai muka zo kan Dattijo. Na tura masa shi ya duba, na ce ko za a iya yi masa kwaskwarima ya zauna da sabon tsari. Amsar ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Da ta zo, ya ce wanda ya rubuta wannan mutum ne mai hankali da tausayi, amma ya gina shi a kan sassan tsohon tsari da aka rushe, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da ɓarayi ke shigowa a jikinsa take. Akwai wani modil na mutane da yawa, ana kula da shi, wanda zai iya riƙe sanarwa har sai an ba da izini in aka saita shi da kyau. Shawararsa a cire na Lawali.

Na je na sami Habsu, don ba zan taɓa abin mijinta ba ta ji a bakin wani ba. Tana tankaɗe a tsakar gida, ku kuna wasa a ƙofar ɗaki.

"Yaya, shi ke nan abin da ya bari da ake kiran sunansa," ta ce. "Shagon an rufe, kayan an sayar. In an saki sanarwa mutane cewa suke Dattijon Lawali ya yi magana. Shi ma za ki binne?"

"Habsu, in na bar shi, ko dai shafin ya mutu ko ɓarayi su yi ta shigowa ta jikinsa."

"To a bar shafin ya mutu da shi."

"Shi bai yi shi don a tuna da shi ba. Don irin su Tsahara ya yi."

Ta ci gaba da tankaɗe. Ta yi kusan shekara ba ta taka gidana ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni na goya shi, ita ta zauna da shi, kowa da irin ciwonsa.

Ranar da na yi na gaskiyan, da hantsi ne, bayan an ɗauke ruwa. Alhaji Ma'azu ya zo, kawun Tsahara ya zo daga Dawce a kan babur, Malam Sani ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin baya. Na sake ɗaukar sabon kwafi na gwada shi. Na kashe mai tura saƙo. Na shiga lungu na kwashe layin tas, na duba sau biyu. Na sabunta modil-modil yadda na haddace. Da na zo kan Dattijo allo ya tambaye ni ko na tabbata ina son cire shi. Na tabbata, amma sai da na share ido da bakin mayafi kafin in ga wurin dannawa. Sannan tsarin kansa. Sannan sabon mai riƙe sanarwa, na gwada shi da sanarwar ƙarya ta wani suna da babu shi, ya riƙe, sai na miƙa masa ta Inna Dije. Na canza duk kalmomin sirri. Saura abu ɗaya, a kunna mai tura saƙo a buɗe shafi. Duk mu huɗun muna cikin masu karɓar saƙo, don haka na ce kowa ya fito da wayarsa. Muka jera su a kan tabarma. In ɗaya ta yi ƙara, to ta Tsahara ma ta yi. Na danna.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Manyan mutane uku da furfura sun sunkuya a kan wayoyi, ba mai motsi, kawun yana ta motsa leɓe. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo da kukan kaza a maƙwabta. Muka zauna haka har inuwa ta matsa daga bakin ƙofa. Wayoyin suna kwance kamar duwatsu. Alhaji ne ya fara magana, ya ce a yi fatiha ga Lawali, muka shafa.

Tsahara ta haihu bayan an fara yankan gero, mace, lafiya lau. Sai da ta yi ƙwari sannan mijinta da wani dattijon garinmu na can suka zaunar da ita suka faɗa mata. A ranar kawun ya zo ya ce in saki sanarwa, na sake ta, ta fita kamar yadda ya kamata. Bayan arba'in ta zo gida gaisuwa, ta biyo ta wurina da jaririyar a baya, an mayar mata da sunan Inna Dije. Kawunta ya riga ya ba ta labarin rufe shafi. Na karɓi yarinyar ina yi mata wasa, na ce to, Alhamdulillahi, mun dai ɓoye miki har Allah Ya raba. Sai ta yi murmushi, hawaye na zuba.

"Hajiya, ai na sani," ta ce.

Na kusa sakin jaririyar. "Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Uwa ce za ta yi wata da watanni 'yarta na da ciki ba ta nemi jin muryarta ba? Yau a ce wayarta ta faɗa rijiya, gobe a ce ta tafi ƙauye biki. Tun makon farko jikina ya ba ni."

"To me ya hana ki tambaya?"

"In na tambaya za a faɗa mini. Ni kuwa na san in na ji da kunnena, cikin nan ba zai zauna ba. Kullum da safe sai in ɗauki waya in duba ko saƙon shafi ya shigo. In ga babu. Sai in ce, to, ba a ce ba tukuna, yau ma ina da uwa. In tashi in ci abinci."

Duk watannin nan ina zaton ni kaɗai nake riƙe da ƙofar nan daga waje, ashe ita ma tana riƙe da ita daga ciki, da ciki a gaba, ita kaɗai a garin mutane. Na miƙa mata 'yarta, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da na cire aikin ƙanena. Yarinyar nan ita ce Hadiza da kuke gani tana zuwa hutu gidan kawun uwarta a Dawce, mai tsawon nan da ke gaishe ni da Kaka.